Ƙiba: abin da masu bincike suka gano game da rage ta

A ƙasarmu an saba yaba mai jiki. In mutum ya yi tumbi, sai a ce arziki ya zauna. In amarya ta cika, sai a ce ta samu gida. Amma likitoci suna gargaɗi: ƙiba in ta wuce kima tana jawo ciwon sukari, da hawan jini wanda wasu ke kira tansiyo, da ciwon gwiwa. Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ce a shekarar 2022 mutum 1 cikin 8 a duniya yana da ƙiba mai yawa.

Shin wane irin ci ne ke rage ƙiba? Malaman jami'a sun daɗe suna gardama a kan wannan. Wasu sun ce mai ne abokin gaba. Wasu sun ce a'a, tsaba ce, wato shinkafa da burodi da taliya. Da gardama ta yi tsawo, sai aka koma ga gwaji.

Gwajin Amurka na 2018

A Jami'ar Sitanfod ta Amurka, Farfesa Kiristofa Gadna da abokan aikinsa sun tara manya 609 masu nauyin jiki. Aka raba su gida biyu. Gida ɗaya ya rage mai, ɗayan ya rage tsaba. Dukansu an ce su yawaita ganye, su rage sukari da farin fulawa. Bayan wata 12 aka auna su. Masu rage mai sun zubar da kimanin kilo 5, masu rage tsaba kimanin kilo 6. Bambancin bai taka kara ya karya ba. A kowane gida kuma an samu waɗanda suka ragu sosai, an samu waɗanda suka ƙaru. Darasin shi ne: tsarin da mutum zai iya riƙewa shekara da shekaru, shi ne mai amfani.

Me ya sa horon yunwa ba ya ɗorewa?

A 2011 masu bincike a birnin Melbon na Ostireliya sun bayyana wani gwaji. Mutum 50 suka shiga, aka rage musu abinci ƙwarai har sati 10. A matsakaici sun zubar da kimanin kilo 13. Bayan shekara ɗaya aka duba jininsu, aka tarar jikinsu yana nan yana aika saƙon yunwa fiye da da, kuma wani ɓangare na nauyin ya komo. Ashe jiki yana ƙoƙarin mayar da abin da ya rasa. Don haka wanda ƙibarsa ta komo kada a ce masa rago.

Kaɗan ma ta isa

A 2002 aka fitar da sakamakon wani babban gwaji a Amurka. Mutum 3,234 ne, duka masu nauyi, sukarin jininsu ya fara hawa amma ciwon bai kama su ba. Aka raba su gida uku. Na farko an ba su ƙwaya wadda babu magani a cikinta. Na biyu an ba su maganin metformin. Na uku an koya musu gyara ci da tafiya a ƙasa minti 150 a sati, da nufin rage kilo 7 cikin kowane 100 na nauyinsu. A kowace shekara, cikin mutum 100, ciwon sukari ya kama 11 a gida na farko, kusan 8 a na biyu, kusan 5 kawai a na uku. Wato ƙafa da akushi sun fi ƙwaya aiki. Mai kilo 80 bai buƙatar komawa kamar sillen kara: kilo 5 ko 6 sun isa su kare shi sosai.

Mu kuma fa?

A Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai rayuwa ta sake. Injin niƙa ya karɓi aikin turmi, kabu-kabu ya karɓi aikin ƙafa, shayi mai zaƙi ya zama abokin hira. Ga abin da za a iya yi ba tare da kashe ko dala ba:

1. A auna ciki. A ɗauki igiya daidai tsawon mutum, a ninka ta biyu, a zagaya ciki wajen cibiya. In bakunan ba su haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa.
2. A rage sukari a shayi da fura da kunu. OMS ta ce kada ya wuce ƙaramin cokali 12 a yini, 6 ma ya fi. Lemun kwalba yana cikin lissafin.
3. A rage malmalar tuwo da soye-soye, a ƙara zogale da rama da kabeji da wake.
4. A yi tafiya minti 30, kwana 5 a sati.
5. A guji ƙwayoyin sa ƙiba na masu talla. Wasunsu suna tara ruwa a jiki, suna ta da hawan jini da sukari. Haka shayin rage tumbi: ba da shi aka ci nasara a waɗannan gwaje-gwaje ba.

Wannan magana ta manya ce masu nauyi. Yara ƙanana da mata masu ciki da masu shayarwa suna buƙatar isasshen abinci, kada a rage musu. Mai ciwon sukari ko hawan jini kuma ya fara tuntuɓar likita.

Jama'a, a karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba. Igiyar awo tana kowane gida, a gwada yau.