Ispaniya: matattun layukan dogo sun buɗe wa ƙauyuka ƙofar abinci

A kudancin ƙasar Ispaniya, cikin jahar Andalus, akwai wata hanyar jirgin ƙasa mai tsawon kilomita 36 wadda jirgi bai taɓa bi ta kanta ba ko sau ɗaya. An fasa duwatsu, an gina gadoji, an tada tashoshi har 5, sa'an nan aka watsar da aikin tun ba a shimfiɗa ƙarfen dogo ba. Shekaru masu yawa ciyawa da awaki ne ke da wurin. A yau kuwa, a kan wannan hanya da ta haɗa garin Puerto Serrano da garin Olvera, baƙi ne ke kai da kawowa bisa kekuna, wasu a ƙasa, wasu bisa dawaki, suna cin abinci a tashoshin, suna kwana a cikinsu, suna barin kuɗinsu a hannun mutanen karkara. Yadda aka yi asara ta koma riba labari ne da ya cancanci mai karatu ya tsaya kansa, domin akwai darasi a ciki ga duk ƙasar da ke da layin dogo kwance.

Aikin da aka bari a rabi

A ƙarshen shekarun 1920 ne aka soma aikin, zamanin mulkin Janar Miguel Primo de Rivera, wanda ya riƙe ƙasar daga 1923 zuwa 1930. Shi kansa haifaffen birnin Jerez ne, kuma daga nan aka shirya layin zai tashi, ya ratsa duwatsu har garin Almargen, tafiyar kamar kilomita 120. Manoman zaitun da makiyayan yankin sun sa rai za su samu hanyar fitar da amfanin gonarsu zuwa manyan kasuwanni. Sojoji ma suna da tasu buƙata, wato hanyar da za ta sada su da tashar jiragen ruwa ta Kadis cikin sauri.

To amma mulkin Janar ɗin ya faɗi, kuɗi suka yanke, sai kuma yaƙin basasa ya ɓarke daga 1936 zuwa 1939. Bayan yaƙi aikin bai sake tashi da ƙarfinsa ba. A 1962 wani rahoton Bankin Duniya ya shawarci gwamnati ta daina gina sababbin layukan da ba za su mayar da kuɗinsu ba, magana ta mutu ke nan. Tsakanin Puerto Serrano da Olvera kaɗai an bar hanyoyi 30 da aka huda cikin dutse, da dogayen gadoji 4, da gine-ginen tashoshi waɗanda rufinsu ya yi ta zubewa. A waɗannan shekaru ne kuma samarin Andalus suka yi ta fita ci-rani zuwa Barselona da Faransa da Jamus, da yawansu ba su komo ba.

Ƙidayar 1993

Wannan layi ɗaya ne kawai cikin da yawa. Tun da motoci suka yawaita, aka malala kwalta ko'ina, ƙananan layukan dogo suka soma rasa fasinja da kaya. Ma'adinan da wasu ke ɗauka suka ƙare. Ranar 1 ga watan Janairu na 1985, cikin yini guda, aka rufe fiye da kilomita 900 na layukan da aka ce asara kawai suke jawowa. Ga ƙauyukan da abin ya shafa, ranar baƙin ciki ce.

A 1993 magabatan ƙasar suka ɗora wa Gidauniyar Jiragen Ƙasa ta Ispaniya nauyin ƙidaya abin da ke kwance. Sakamakon ya ba kowa mamaki: kilomita dubu 7 da ɗari 6 na layukan da aka rufe ko waɗanda ba a ƙarasa ba, da tashoshi 954, da hanyoyin cikin dutse 501, da gadoji sama da 1000. Dukiya ce da kakanni suka gina da guminsu, tana lalacewa a banza. Daga nan aka kafa tsarin da suke kira Vías Verdes, wato korayen hanyoyi: a gyara tsohon layi, a daidaita ƙasarsa, a sa alamomi da shinge inda akwai haɗari, a hana mota da babur shiga, a bar shi ga mai keke da mai tafiya a ƙasa. Ya zuwa yanzu an gyara fiye da kilomita dubu 3, a kan hanyoyi sama da 100. Daga cikinsu akwai wadda ta bi sawun jirgin da ke ɗaukar man zaitun daga Jaén, da wadda ta bi layin tamar ƙarfe na Ojos Negros zuwa gaɓar teku.

An raba nauyin aikin gida uku. Gwamnatin tsakiya ce galibi ke zuba kuɗin gyaran farko. Hukumar da ke da mallakar layukan dogo tana ba da aron filin, ba ta sayar da shi. Kula ta yau da kullum kuwa tana wuyan ma'aikatun magajin gari da majalisun gundumomin da hanyar ta ratsa.

Darajar tsohon layi

Mai karatu zai iya tambaya: me ya raba wannan hanya da kowace turba ta daji? Amsar tana ga halin jirgin ƙasa. Jirgi ba ya iya hawan tudu mai tsauri, ba ya kuma iya kwana mai kaifi. Saboda haka injiniyoyin da suka zana layin sun wahala ƙwarai don su daidaita shi: inda tudu ya tare su suka huda, inda kwari ya gitta suka yi gada. Da wuya hawan ya wuce mita 2 ko 3 a cikin kowace mita 100. Yaro da tsoho da mai keken guragu duk suna iya ratsa ƙasar duwatsu ba tare da numfashinsu ya ɗauke ba. Aikin da ya fi cin kuɗi an riga an yi shi tun tuni.

Abu na biyu shi ne filin kansa. Layin dogo zare ne guda, mai faɗin ƴan mitoci, wanda ya ratsa gonaki ɗaruruwa ba tare da ya yanke ba. Haɗa irin wannan fili a yau sai an yi shekaru ana biyan diyya ana zuwa kotu. Idan aka bari wannan ya ɗebi yanki ya ƙara a gonarsa, wancan ya gina shago, zaren ya tsinke, kuma da wuya ya sake ƙulluwa.

Abin da ƙauyuka suka samu

A shekara ta 2000, majalisun gundumomin Kadis da Sabiliya tare da garuruwa 6, wato Puerto Serrano, Coripe, Montellano, El Coronil, Pruna da Olvera, suka kafa gidauniya guda don ta riƙa kula da hanyarsu. Tashoshin Puerto Serrano da Coripe da Olvera sun koma gidajen abinci da masaukai. A Olvera har an ƙera ɗakunan kwana masu siffar taragon jirgi. An buɗe wuraren hayar keke da gyaransa. An ɗauki ƴan yankin aikin share hanya da tsaronta, da kula da fitilun da ke cikin dogayen ramuka, waɗanda mafi tsawonsu ya kai mita 990.

Hikimar abin tana ga saurin tafiya. Mai mota yana ratsa kilomita 36 cikin rabin awa, ba ya sayen ko ruwan sha. Mai keke da iyalinsa kuwa yini suke yi. Ƙishirwa za ta kama su, yunwa za ta kama su, taya za ta sace, dare zai yi musu. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan buƙatu ciniki ce ga wani ɗan ƙauye. Mai man zaitun da mai cukun awaki suna samun mai saye a ƙofar gida, babu dillali a tsakani. Baƙon da ya iso Olvera yakan hau ya ga tsohuwar ganuwar da ta rage tun zamanin mulkin Musulmi a Andalus.

Har tsuntsun da ba a ganin darajarsa ya shiga cikin cinikin. A tsakiyar hanyar akwai dutsen Zaframagón, inda manyan ungulaye dangin miki ke sheƙa, ɗaya daga cikin manyan matattarunsu a Andalus. An kafa na'urorin ɗaukar hoto suna kallon sheƙunan, an mayar da tashar da ke kusa wurin kallo, ƴan makaranta da baƙi suna ganin tsuntsayen a kan allo ba tare da an tsorata su ba. Hausawa na cewa ungulu ba ta jewar banza. A nan dai jewarta ta zama abincin wasu.

Keke ba jirgi ba ne

Duk da haka, kada a ɗauka kowa ya yi na'am. Hanyar keke ba ta kai marar lafiya wurin likita, ba ta ɗaukar buhunan hatsi, ba ta kai ɗalibi jami'a. A yammacin ƙasar, layin da ya haɗa Plasencia da Astorga yana cikin waɗanda aka hana wa jirgin fasinja a 1985. An cire ƙarfe a wasu sassansa an mayar da su koriyar hanya, alhali ƙungiyoyin mazauna yankin sun daɗe suna neman a maido musu da jirginsu. A ganinsu, cire ƙarfen tamkar rufe kabari ne. Ranar 31 ga watan Maris na 2019, dubban mutanen karkara sun yi zanga-zanga a Madrid suna kukan cewa ƙauyukansu na zama kufai, kuma jirgin ƙasa na cikin abubuwan da suka nema.

Akwai kuma maganar kuɗin kula. Ruwan sama na zubo da ƙasa a kan hanya, fitilu na mutuwa, gada na buƙatar dubawa. Shiga hanyar kyauta ne, don haka baitulmali ne ke biya. Ƙaramin gari mai ƙarancin haraji, idan aka sakar masa wannan nauyi shi kaɗai, hanyar za ta sake komawa ciyawa. Ciniki ma yana da lokaci: a Andalus zafin bazara kan haura digiri 40, baƙi sai su ɗauke ƙafa. Hanyar tana ƙara wa manomi abin shiga, amma gonarsa ce har yanzu uwa.

Dokar ajiya

Ƙasar Amurka ta nemo wata mafita ga wannan gardama. A 1983 majalisar dokokinta ta amince da tsarin ajiyar layi: idan kamfani ya daina amfani da layinsa, ana iya miƙa filin ga wata hukuma ko ƙungiya ta yi hanyar keke a kai, amma a idon doka layin bai mutu ba, an jingine shi ne kawai. Duk ranar da buƙatar jirgi ta dawo, ana iya sake shimfiɗa ƙarfe. Masu gonakin da ke maƙwabtaka sun ƙalubalanci dokar, kotun ƙoli ta tabbatar da ita a 1990, ko da yake daga baya an biya wasunsu diyya. A Turai ma tsarin korayen hanyoyi ya bazu: Faransa ta buɗe hanyar Givry zuwa Cluny a 1997, kuma a 1998 aka kafa ƙungiyar korayen hanyoyi ta Turai a birnin Namur na Beljiyam.

Yamai zuwa Dosso

Ɗan Nijar da ya ji labarin layin da jirgi bai bi ba, dole hankalinsa ya koma gida. A watan Afrilu na 2014 aka ƙaddamar da aikin layin dogo a Yamai, kamfanin Bolloré ya shimfiɗa kimanin kilomita 140 har Dosso, aka yi bikin buɗewa a watan Janairu na 2016. Niyyar ita ce a sada shi da Faraku, inda layin Kwatano ya tsaya tun shekarun 1930. Sai dai a ƙarshen 2015 wata kotu a Kwatano ta ba ɗan kasuwar Benin Samuel Dossou gaskiya a ƙarar da ya shigar kan haƙƙin gina layin, aikin ya cije. Shekaru suka yi ta wucewa ba a ga jirgin fasinja ko na kaya yana jigila a kai ba.

Ƙasar da ba ta da gaɓar teku jirgi take buƙata, kuma babu mai hankalin da zai ce a cire ƙarfen Dosso don masu keke. Yawon buɗe ido ma sai da kwanciyar hankali: yankin Kure, da ke tsakanin Yamai da Dosso, ya yi suna da raƙuman dawa, amma harin ranar 9 ga watan Agusta na 2020, wanda ya hallaka mutum 8, ya nuna yadda baƙi ke watsewa cikin yini guda. Abin da ya dace a ɗauka daga Ispaniya da Amurka shi ne tsaron filin. A san iyakarsa a rubuce, a san hukumar da ke da alhakinsa, a hana gini a kansa, a hana ɓarayin ƙarfe, a kuma ba garuruwan da ya ratsa damar cin moriyar gine-ginensa kafin ranar da jirgi zai zo. Mutanen Olvera sun jira jirgi shekara da shekaru bai zo ba, amma da yake hanyar ba ta tsinke ba, jikokinsu sun samu abin yi da ita. Ya rage ga magabata da ƴan majalisa su tanadi dokar da za ta kare irin wannan dukiya tun ba ta salwanta ba.