Makullai Uku na Mulkin Makarantun Sakandare da Kwalejoji a Arewacin Nijeriya

Makasudin wannan takarda shi ne a bayyana yadda ake tafiyar da mulkin makarantun sakandare da kwalejoji a Arewacin Nijeriya, da yadda al'amarin ya sake kama daga zamanin En'e zuwa yau. Wanda duk ya ke so ya san mai iko da makaranta, to, ya nemi wanda ke riƙe da makullai uku: makullin kuɗi, da na ɗaukar malamai, da na jarrabawa. Sau da yawa ba a samun ko ɗaya daga cikinsu a aljihun shugaban makarantar.

Tushen abin shi ne Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922 domin horad da malamai. Ita ta Gwamnati ce, Turawan Ma'aikatar Ilmi ke shugabancinta, larduna kuma su aiko da yaran da suka zaɓa. A 1938 aka mai da ita Kaduna, a 1949 ta koma Zariya, sa'an nan a 1971 aka raɗa mata suna Kwalejin Barewa. A ƙarƙashinta akwai makarantun Midil, waɗanda aka tsara wajen 1930 a manyan garuruwan larduna. Su kuwa na En'e ne. Daga baitulmali a ke fitar da kuɗin gini da abinci da tufafin yara da albashin malaman ƙasa, amma Baturen makaranta na lardi shi ke duba aikin, manhaja kuma daga sama ta ke zuwa. Waɗanda suka fita daga Katsina su suka riƙa koyarwa a cikinsu: Ahmadu Bello ya koyar a Midil ta Sakkwato daga 1931 zuwa 1934, Abubakar Tafawa Balewa kuwa har ya zama hedimasta a ta Bauchi.

Amfanin wannan tsari shi ne kusanci. In rufin ɗaki ya yi yoyo, ko hatsi ya ƙare a rumbu, Ma'aji yana nan cikin gari, Sarki kuma yana iya jin labari kafin rana ta faɗi. Aibinsa kuwa a fili ya ke. Makarantun kaɗan ne, 'yan mata ba su da rabo mai yawa a ciki, lardin da baitulmalinsa ba shi da ƙarfi makarantarsa ita ma ba ta da ƙarfi.

Da aka soma mulkin ministoci, Makaman Bida Aliyu, wanda shi ma tsohon hedimastan Midil ne, ya zama Ministan Ilmi na Jihar Arewa a 1952, Alhaji Isa Kaita ya riƙe muƙamin daga 1957 zuwa 1966. A wannan lokaci ne aka riƙa ɗaukaka makarantun Midil suna zama sakandaren lardi, makullin kuɗi da na malamai suka soma komawa Kaduna. Makullin jarrabawa kuwa ya tafi hannun Hukumar Jarrabawa ta Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1952. Ƙirƙiro jihohi a 1967 ya raba gādon Kaduna ga sababbin ma'aikatun ilmi, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya rufe babin En'e baki ɗaya.

A yau tsarin mulkin 1999 ya ba Gwamnatin Tarayya da jihohi damar kafa makarantu kowa da nasa. Tarayya na riƙe da kwalejojinta na haɗin kan ƙasa, waɗanda aka fara kafawa a 1966, har da ta Sakkwato. Galibin sauran na jihohi ne, ko na jama'a da ƙungiyoyi da masu zaman kansu. An raba sakandare gida biyu, shekara 3 a ƙarama, 3 a babba. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta haɗa ƙaramar da firamare, ta ce wajibi ce kuma kyauta. Saboda haka a kan iske harabar makaranta ɗaya da shugabanni biyu, kowanne da hukumar da ya ke kai wa rahoto. Waɗansu jihohi sun keɓe wa makarantun kimiyya hukuma tasu, kamar yadda Kano ta yi a 1977. Wajen jarrabawa, hukumar NECO ta shigo a 1999, tana aiki kafaɗa da kafaɗa da ta Afirka ta Yamma. Kwalejojin horon malamai masu ba da takardar NCE kuwa, tun 1989 akwai hukumar ƙasa da ke tsara manhajarsu, tana kuma tantance su.

Cikin makarantar kanta, tsarin bai sake ƙwarai ba. Shugaba na sama, da mataimakansa, ɗaya na sha'anin karatu, ɗaya na sha'anin mulki. Sai shugabannin sassa, da malaman aji, da akawun kuɗi. A makarantar kwana a kan raba yara gida gida, kowane gida da malamin da ke lura da shi, da manyan ɗalibai masu tsawata wa ƙanana. A Barewa har yanzu sunayen gidaje na tuna magabata, kamar Ɗan Hausa da Bello Kagara da Nagwamatse. Wannan sarƙa ita ke tashe yaro da asuba, ita ke kai shi aji, ita kuma ke gano wanda ba shi da lafiya.

To, ga inda gizo ke saƙa. Shugaban makarantar gwamnati shi a ke tuhuma in yara sun faɗi jarrabawa, alhali ba shi ya ɗauki malamansa ba, ba shi ke biyansu ba, ba shi kuma da ikon hana a ɗauke masa malamin lissafi a tsakiyar zango. An ɗora masa kaya, an hana shi gammo. Ba mai cewa a koma zamanin En'e, gama ruwan da ya wuce ba ya dawowa, yawan yara ma ya fi ƙarfin wancan tsari. Amma darasinsa bai tsufa ba: makaranta ta fi gyaruwa in mai yanke shawara yana kusa da ita. Ya kamata a bar wa shugaba wani kaso na kuɗin gyare-gyare a hannunsa, a riƙa jin ta bakinsa kafin a canja wa malami wurin aiki, iyaye da dattawan gari kuma su duba yadda ya kashe abin da aka ba shi.

Ga malaman kwalejojin horo akwai aiki na musamman. Galibin shugabanni daga aji a ke ɗauko su, gwanintar koyarwa kuwa dabam ta ke da ta riƙon jama'a da dukiya. In an koya wa ɗalibin malanta tsara jadawalin darussa, da riƙe littafin kuɗi, da rubuta rahoto, tun yana kwaleji, ran da makullai suka zo hannunsa zai san ƙofar da kowanne ke buɗewa.