Mai Juna Biyu Da Motsa Jiki: Kwanciya Ba Ita Ce Lafiya Ba

A gidajenmu na zango, daga Nima har Kumasi, da zarar an gane mace ta samu juna biyu sai a shiga ce mata ta zauna, ta kwanta, kada cikin ya zube. Ƙauna ce ke kawo haka, amma likitoci sun nuna cewa yawan zama yana da tasa illar.

Kakanninmu suna daka, suna tafiya kasuwa da ƙafa har watan haihuwa. Mu kuwa ga injin niƙa, ga trotro a bakin titi, mai sayar da koko ko wake da shinkafa kuma takan wuni bisa kujera ɗaya.

A shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa mai ciki wadda ba ta da wata matsala ta riƙa motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, wato kamar minti 30 a kwana 5. Hukumar ta ce yin haka yana rage haɗarin hawan jini da ciwon sukari na masu ciki, da ƙiba fiye da kima, da damuwar da kan kama mace bayan haihuwa, kuma ba ya ƙara haɗarin haihuwar ɗa ba rai. Dalili kuwa shi ne naman jiki in yana aiki yakan ci sukarin da ke cikin jini, jinin kuma ya zagaya sosai. Yana kuma sassauta ciwon baya da taurin bayan gida.

Ba sai an sayi komai ba. Tafiya da ɗan sauri ta isa, ko da zagaya tsakar gida ne. Ma'auninta shi ne mace ta iya magana tana tafe ba tare da haki ya sha kanta ba. Wadda ba ta saba ba ta fara da minti 10, ta riƙa ƙarawa. Lokacin da ya fi shi ne da sassafe ko bayan la'asar, a kuma sha ruwa. Haka nan matse naman da ake riƙe fitsari da shi, a saki, sau da yawa a rana, yana rage ɗigar fitsari.

Sai dai a bambance motsa jiki da wahala. Ɗaukar kaya masu nauyi da tsayuwa gaban wuta a tsakar rana ba su cikin abin da muke nufi. Bayan wata 3 a guji motsa jiki a kwance rigingine. Wadda ta ga jini, ko faya ta fashe, ko ta ji jiri, ciwon ƙirji ko ciwon kai mai tsanani, ta tsaya nan take a kai ta asibiti. Mai hawan jini, da mai ƙarancin jini sosai, da mai cikin tagwaye, su fara tambayar ma'aikaciyar awo. A nan Gana tun 2008 aka sa awo da haihuwa cikin inshorar lafiya kyauta.

Kira gare ku, magidanta da iyayenmu surukai: ku bar su su taka, in da hali ma ku raka su. Allah ya raba lafiya, amin.