Hausawan Sudan: Asalinsu da Gadon Rubutun da Suka Ɗauko daga Yamma

A kasuwannin Omdurman da Khartum akwai wani gasasshen nama mai ƙuli-ƙuli da yaji wanda kowa ke kira agashe. Da naman da sunansa Hausawa ne suka zo da su. Amma kakannin Hausawan Sudan sun zo da abin da ya fi wannan daraja a cikin gafakarsu, wato littattafai da waƙoƙin ajami na malaman ƙasar Hausa. Yau wannan gado yana cikin haɗari, kuma ya kamata kowane gida ya san labarinsa.

Yadda aka je

Mafarin zaman Hausawa a Sudan shi ne aikin hajji. Kafin zuwan jirgin sama, maniyyaci kan tashi daga Kano ko Katsina ko Damagaram, ya ratsa Barno da Wadai da Darfur da Kordofan, ya haye kogin Nilu, ya kai Suwakin a gaɓar Bahar Maliya, sannan ya shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Tafiyar kan ɗauki shekaru, domin sai a tsaya a yi noma ko fatauci a tara guzuri. Da yawa sun yi aure a hanya, sun haihu, sun zauna. Mutanen Sudan suka riƙa kiransu Takari, daga tsohon sunan Takrur, ko kuma Fallata, sunan da Barebari ke kiran Fulani da shi, ba tare da bambanta Bahaushe da Bafulatani da Babarbare ba.

Abubuwa uku suka ƙara yawansu. Na farko, bayyanar Muhammad Ahmad da ya yi da'awar Mahadi a 1881, ya ci Khartum a 1885, Omdurman ta zama hedkwatar daularsa. Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya yi musayar wasiƙu da shi daga Adamawa, mutane da dama kuma suka nufi gabas. Na biyu, yaƙin Burmi na watan Yuli 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a kan hanyarsa ta hijira. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a har bakin Shuɗin Nilu, kusa da Sennar, inda aka kafa garin Mai Wurno. Na uku, noman auduga na Jazira, wanda ya bunƙasa bayan kammala madatsar ruwa ta Sennar a 1925, ya jawo dubban ma'aikata. A Khartum kanta har unguwa aka yi mai suna Ishash Fallata.

Abin da ke cikin gafaka

Masu hijira sun tafi da Alƙur'ani rubutun hannu bisa ruwayar Warshu, alhali a tsakiyar Sudan ruwayar Duri aka fi sani. Sun tafi da littattafan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Bello, da waƙoƙin wa'azi na Nana Asma'u cikin Fillanci da Hausa. A gidajen malaman Mai Wurno aka ci gaba da kwafe su ana karantarwa.

Khartum ma ta yi wa wannan gado hidima. A 1972 maɗaba'ar Jami'ar Khartum ta fitar da binciken Umar al-Naqar kan tarihin hajjin mutanen Afirka ta Yamma. A 1978 ta buga Bayan Wujub al-Hijra, littafin da Shehu ya rubuta a 1806, bayan Fathi al-Masri ya tace shi ya fassara. Farfesa Al-Amin Abu-Manga na wannan jami'a ya wallafa littafi kan Fillancin Sudan a 1986, da wani kan Hausar Sudan a 1999, inda ya nuna yadda Larabci ke shiga cikin harsunan biyu. A Jami'ar Ƙasa da Ƙasa ta Afirka kuwa an kafa cibiyar rubuta harsunan Afirka da baƙaƙen Larabci.

Ga inda damuwa take. Yaron da aka haifa a Omdurman da Larabci yake wasa, da shi yake karatu, idan kakarsa ta rasu waƙoƙin da ta haddace sun tafi da ita. Sa'an nan yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya watsa miliyoyin mutane daga gidajensu. An wawashe Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Khartum, ɗakin karatu na Cibiyar Muhammad Umar Bashir a Jami'ar Ahliyya ta Omdurman kuma ya ƙone. Idan manyan ma'ajiyu ba su tsira ba, ina ga takardun da ke cikin akwatin tsoho a ƙuryar ɗaki?

Darasi daga Kashgar

Akwai wata al'ummar Musulmi a can tsakiyar Asiya da tarihinta zai haska mana wannan batu, wato Uygur na yankin Shinjan a ƙasar Sin. Su ma hijira ce ta kai su inda suke. Sun kafa daula a kwarin Orkhon na Mongoliya a shekara ta 744, Kirgiz suka rushe ta a 840, sai suka gangaro kudu zuwa Turfan da Gansu. A can suka rubuta littattafai masu yawa da baƙaƙensu, waɗanda Mongol suka ara daga baya. Musulunci ya kafu a Kashgar a ƙarni na 10, a zamanin Satuk Bughra Khan na daular Karakhani, kuma Uygur na yau suna ɗaukar adabin wannan daula a matsayin gadonsu.

Littattafai biyu ne ginshiƙin wannan adabi. Wajen 1070 Yusuf Khass Hajib ya kammala Kutadgu Bilig, waƙar nasiha ga masu mulki mai baiti sama da 6,000, ya miƙa ta ga sarkin Kashgar. A cikin shekarun 1070 kuma Mahmud al-Kashgari ya rubuta Diwan Lughat al-Turk, ƙamus na harsunan Turkawa mai ɗauke da karin magana da waƙoƙi da taswira, domin Larabawa su san harshen mutanensa, ya gabatar da shi ga Halifa al-Muƙtadi a Bagadaza. Ya ƙware a Larabci ƙwarai, bai kuwa raina harshen gidansu ba.

Abin mamaki, kwafi ɗaya tak na wannan ƙamus ya rage a duniya. Wani magatakarda ne ya kwafe shi a Dimashƙu a 1266, ya ɓace wa masana ƙarnoni, sai a farkon ƙarni na 20 Ali Amiri ya saye shi a kasuwar littattafai ta Istanbul. Kutadgu Bilig ma kwafi uku ne suka tsira, ɗaya a Alƙahira aka same shi. Da waɗannan magatakarda sun yi kasala, da babu abin da za a karanta yau.

Abin da ya rage gare mu

Masu iya magana sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Hausawan Sudan sun bar gida amma sun riƙe takardunsa, kuma takardun nan shaida ce ta asalinsu da daɗewarsu a ƙasar, musamman tun da rikicin jihar Shuɗin Nilu na 2022 ya sake tayar da maganar wane ne ɗan ƙasa. Aikin da magatakarda ya yi wata da watanni yana yi, yau wayar hannu na yin sa a yini ɗaya. Duk gidan da ke da littafin kaka, a Omdurman ne ko Maraɗi ko Sakkwato, a ɗauki hoton kowane shafi, a aika wa dangi a garuruwa daban-daban. A naɗi muryar tsofaffi suna rera waƙoƙin da suka gada, a rubuta sunan garin da kakanni suka fito, a kuma koya wa yara karatun ajami tare da boko.

Allah ya kawo wa Sudan zaman lafiya, ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon riƙe amanar da suka bari.