"Da sauƙi" ba ta isa amsa ba: yadda za a auna taimakon da tsoho ke buƙata

Jama'ar Gaya da ƙauyukan kewaye, da ƴan uwanmu na Kwatano, Legas da Akara, kun san yadda wayar take. "Yaya jikin Baba?" "Da sauƙi, alhamdu lillahi." A turo ƴan kuɗi, shi ke nan. Tun da aka rufe gadar Malanbil a 2023, zuwa duba iyaye ya ƙara wuya, wayar ce ta zama idon na nesa. Amma "da sauƙi" ba ta faɗi ko Baba na iya tashi daga tabarma ba.

A 1963 wani likitan Amurka, Sidney Katz, ya fitar da ma'auni na abubuwa 6: wanka, sa tufafi, zuwa ban ɗaki, tashi daga shimfiɗa, riƙe fitsari da bayan gida, da cin abinci. Kowane ɗaya a duba: da kansa yake yi, sai an kama masa, ko sai an yi masa duka? Wanka ne ke fara gagara, ci da hannu shi ne na ƙarshe. Don haka ganin Inna na cin tuwonta ba shaidar ƙarfi ba ne.

Mu dai shawararmu, a lura da ido, kada a tsaya ga tambaya. Dattijo ba zai gaya wa surukarsa tsuguno ya gagare shi ba, sai dai ya rage shan ruwa don kada fitsari ya matsa masa. Kunya ce. Ɗa namiji ya lura da uba, mace ta lura da uwa. Abin da tsoho ke iyawa kuwa, ko alwala ce da buta, a bar masa kayansa. Yi masa komai na kashe jiki.

A duba magani ma. Wani na wanka da kansa, amma ya sha na hawan jini sau biyu don mantuwa.

In 4 cikin 6 sun gagara, aikin dare da rana ne, ya fi ƙarfin mutum ɗaya, balle jikanyar da aka ciro daga lakwal. Nan ne na nesa za su san abin aikowa: kuɗin mai taya jinya, sanda, kujera mai rami.

In kuwa dare ɗaya ɓarin jiki ya mutu, baki ya karkace, wannan ba tsufa ba ne. A kai shi likita nan take.