Faifan "Dirt": Mawaƙan da Suka Rera Ramin da Suka Faɗa

A ranar 29 ga Satumba, 1992, wata ƙungiyar mawaƙa ta birnin Siyatil a Amurka, mai suna Alice in Chains, ta fitar da faifanta na biyu, "Dirt". Kiɗan irin mai nauyin nan ne da ake kira "heavy metal", gita na ruri, ganga na dukan ƙirji. A lokacin kuwa salon "grunge" na Siyatil, na su Nirvana da Soundgarden, ya game duniya.

Su huɗu ne: Layne Staley mai waƙa, Jerry Cantrell mai gita, Mike Starr mai gitar bes, da Sean Kinney mai ganga. Cantrell ya tsara waƙar "Rooster" saboda mahaifinsa, wanda ya yi yaƙin Biyetnam ya dawo da tabo a zuciya. "Would?" kuma ta tunawa ce da abokinsu Andrew Wood, mawaƙin da hiroyin ta kashe a 1990 yana da shekara 24.

Amma abin da ya sa muka ɗauko faifan nan shi ne waƙoƙin da ke maganar hiroyin, irin su "Junkhead" da "God Smack". Ba wa'azi aka yi a cikinsu ba. Mashayi ne da kansa yake magana: da fari yana fahariya, daga baya ga kaɗaici, ga ƙin kai, ga tsoron mutuwa. Staley ya san abin da yake faɗa, domin shi ma ya riga ya kamu. A wata hira da mujallar Rolling Stone a 1996, ya nuna takaicinsa cewa wasu matasa sukan zo suna yi masa alfahari da buguwarsu, alhali abin da ya guda ke nan.

Faifan ya kai na 6 a jerin Billboard, kuma a 2022 aka tabbatar ya haura miliyan 5 a Amurka. Kasuwa ta yi kyau, masu kayan ne ba su tsira ba. Staley ya rasu a gidansa a Siyatil ranar 5 ga Afrilu, 2002, yana da shekara 34, bayan ya haɗa hiroyin da hodar iblis. Sai da aka yi mako biyu kafin a gano gawarsa. Ƙwaya ta kashe Starr a 2011.

Jama'a, ko kiɗan bai yi wa kunnenmu daɗi ba, labarin ya shafe mu, tunda mu ma muna da matasa a unguwanninmu. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.