Tarwaɗar Da Ta Fi Ƙarfin Baho

Tambayar wannan mako daga wajen Shuwak ta zo: makiyayi ya kai shanu shan ruwa, ya tarar da ƙatuwar tarwaɗa, mai tsawon hannun babban mutum, tana mutsu-mutsu a taɓon kududdufi. Yara suka hana a yanka, aka kawo ta gida. To, yaya za a riƙe ta?

Wannan ba baƙon abu ba ne a Fashaga. Da rani ya yi nisa, koramun da ke zuba a Atbara da Sitit da Bahar Salam sukan tsinke, su bar kududdufai. Ƙarfasa kan riga mutuwa. Tarwaɗa kuwa, wadda Larabawa ke kira garmut, Allah Ya yi mata wata gaɓa a cikin kai, saman matacinta, da take shaƙar iska kai tsaye. Shi ya sa take jure taɓo. Shi ya sa kuma mutane ke zaton ba ta mutuwa, su jefa ta a duk abin da suka samu.

A nan ne ake kashe ta. 'Yan'uwa makiyaya, kada ku sa ta a barmil ɗin da aka taɓa dama maganin kaska a ciki, ko an wanke shi sau goma. Abin da saniya ke jurewa a fata, kaɗan daga cikinsa ya isa ya kashe kifi. Haka jarkar maganin feshin riɗi da dawa, haka barmil ɗin gas na masu fatauci a hanyar Gallabat. Kada kuma a wanke mazubin da sabulu ko Omo.

Sai girma. Akwatin gilashi irin na ado da ake gani a shagunan birni, na ƙananan kifaye ne. Irin wannan tarwaɗa takan wuce mita ɗaya idan ta samu ci. Tana son wurin da za ta juya ba tare da ta lanƙwashe ba: tsawon mazubin ya ninka nata aƙalla sau uku. Faɗi ya fi zurfi amfani, ruwa zuwa gwiwa ya wadatar. Kwamin siminti ya fi, amma idan sabo ne a jiƙa shi, a zubar, a sake, har kwanaki, domin sabon siminti na ƙona fatarta. Ba ta da ɓawo, fatar ce kawai kariyarta.

A ajiye a inuwa. Ta fi jin daɗin ruwa mai ɗumin digiri 25 zuwa 30, mu kuwa a Gadarif zafin Afirilu yakan haura 40. Tankin ƙarfe a rana tukunya ne. A rufe da raga, a danne da dutse, domin da dare takan fito ta ja ciki a ƙasa. Amma a bar tazara tsakanin ruwa da murfi. In ba ta samu leƙowa ta shaƙi iska ba, sai ta nutse. E, kifi ya nutse, haka abin yake.

Maganar ruwa ita ce mai tsada, kuma gara a faɗa tun yanzu. Kashinta da ragowar abinci su ke ɓata ruwan, har ya zama guba tun bai yi wari ba. Duk kwana biyu ko uku a kwashe kashi ɗaya cikin uku a zuba sabo. Gidan da ke sayen ruwa daga mai karo ya yi lissafi tukuna. Idan ruwan an sa masa kulorin, ya kwana a buɗe kafin a zuba. Wanda aka kwashe, a ba shuka, kada a ba tumaki.

Kwana biyun farko kada a ba ta komai, ba za ta ci ba. Bayan nan, da magariba, a ba ta tana, gara, ko hanjin kaza dafaffe, gwargwadon abin da za ta cinye nan take. Fara ma tana ci, in dai ba daga gonar da aka fesa ba. Kada a haɗa ta da ƙananan kifaye, kafin asuba ta lamushe su. Yara kuma su kiyayi ƙayoyin da ke gefen wuyanta, sukarsu na kumbura hannu. Da jiƙaƙƙen buhu ake ɗaukar ta.

In kun tambaye ni, riƙon na 'yan watanni ne. Da ruwa ya sauka a tsaunukan Habasha, wajen Yuni zuwa Yuli, kogi ya kawo, a mayar da ita kogin da ke kusa da inda aka tsince ta. Lokacin hayayyafarsu ke nan. Kada a zuba ta a hafirin da mutane ke sha. Wanda kuma ya ga ruwan ya fi ƙarfin aljihunsa tun kafin damina, ya nemi masuntan bakin tafkin madatsar Atbara da Sitit, su suka san inda ruwa bai ƙafe ba.